Wa Ke Riƙe da Makullin Rumbunmu?



 Abin da za mu tattauna a kai yau shi ne rumbun adana bayanai, watau ginin da ake tara manyan kwamfutoci a cikinsa, da kuma yadda ya kamata a tsara irin wannan gini a ƙasarmu a wannan zamani da manyan ƙasashen duniya suka shiga jayayya da juna. Mun san wasu za su ce wannan magana ce ta injiniyoyi. Muna roƙonsu su ɗan yi haƙuri, gama kafin mu gama za su ga albashinsu da sakamakon jarrabawarsu da takardar filin mahaifinsu duk suna cikin maganar.

Bari mu fara daga inda kowa ya sani. Duk wanda ya bi titin da ya kewaye ganuwa daga Sabuwar Ƙofa ya nufi Ƙofar Na'isa, zai wuce ta Ƙofar Ɗan Agundi. A wannan yanki akwai abubuwa biyu da muke so ku riƙe a zuciya. Na farko ita ce ƙofar kanta da abin da ya rage na ganuwa. Na biyu ita ce tashar rarraba wutar lantarki ta Ɗan Agundi, wadda ke karɓar wuta mai ƙarfin kilobolt 132 daga babbar tashar Kumbotso, ta sauke ta zuwa kilobolt 33, sa'an nan a raba wa sassa masu yawa na gari. Ƙofar tana nuna mana yadda kakanninmu suka tsare abin da suka mallaka, tashar kuwa tana nuna mana abin da rayuwarmu ta dogara a kansa yau.

Tarihi ya gaya mana Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Abin lura shi ne, waɗanda suka zana ganuwar ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun sa gonaki da kududdufai da Dala da Goron Dutse a ciki, don ko abokan gaba sun tsare gari wata da watanni, akwai abinci da ruwa. Kuma ba su toshe garin ba, sun bar ƙofofi fiye da goma, kowace da Sarkin Ƙofa mai buɗewa da safe ya rufe da dare, saboda sun san Kano da fatauci take rayuwa. Abinci a ciki, ƙofofi da yawa, makulli a hannun ɗan gari. Wannan shi ne ma'aunin da za mu gwada rumbun zamani da shi.

MENE NE RUMBUN BAYANAI?

Idan ɗalibi ya buɗe wayarsa ya duba sakamakon JAMB, ko ma'aikaci ya ji ƙarar saƙon albashi, ko mai shago a Kantin Kwari ya karɓi kuɗi ta na'urar POS, wayar ba ita ke riƙe da bayanin ba. Tambaya take aikawa zuwa wata kwamfuta a wani gini, amsa ta dawo. Wannan gini shi ne rumbun. A cikinsa akwai kwamfutoci jere cikin akwatunan ƙarfe, suna aiki dare da rana, suna shan wuta, suna fitar da zafi. Abin da 'yan kasuwar wannan sana'a ke kira gajimare ba wani abu ba ne a sama, hayar wuri ce a rumbun wani, sau da yawa a wata ƙasa.

Ku duba abin da muka zuba a irin waɗannan rumbuna cikin shekaru kaɗan. An fara lambar BVN a 2014. Daga 2015 JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai ɗaya na TSA. Waɗanda suka yi rajistar NIN sun haura miliyan 100 tun 2023, kowane da hotonsa da zanen yatsunsa. A da, idan gobara ta ci ofishi guda, fayilolin wannan ofishi ne suka ƙone. Yanzu kuwa gini guda yana iya riƙe da bayanin al'umma sukutum.

Girman abin a duniya ya wuce yadda muke zato. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 rumbunan bayanai sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na duk wutar lantarkin da aka yi amfani da ita a duniya, ta kuma yi hasashen abin zai ninka ya ɗan ɗara kafin 2030, galibi saboda ƙirƙirarriyar basira. A ƙasar Ayalan, a 2023, sun sha kashi 21 cikin 100 na wutar ƙasar. Afirka duka kuwa rabonta a ƙarfin rumbunan duniya bai kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma a nan Nijeriya kusan duk manyan na 'yan kasuwa suna Ikko: na Rack Centre da na MainOne da wanda MTN ta buɗe a Ikeja a 2025.

DUNIYA TA RABU

Shekaru ashirin da suka wuce, abin da ake koya wa masu tsara irin wannan aiki shi ne su nemi inda ya fi araha. A sayi na'ura daga Sin, a yi hayar rumbu a Landan ko Birjiniya, a ci bashi a dala, domin duniya ta zama kasuwa ɗaya. Wannan zance ya fara warwarewa, kuma za mu nuna muku ta fuska uku.

Fuska ta farko ita ce doka. A watan Maris 2018 Amurka ta kafa dokar da ta ba hukumominta ikon neman bayani, ta hanyar kotu, daga kowane kamfanin Amurka, ko a wace ƙasa ya ajiye bayanin. Sin tana da dokar leƙen asiri ta 2017 wadda ta wajabta wa kamfanoninta su ba hukuma haɗin kai. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanai a watan Mayu 2018, wadda ta ƙayyade inda za a iya kai bayanan mutanenta. Ma'anar wannan ita ce, ko da rumbu yana cikin ƙasarka, sai ka tambayi dokar wace ƙasa ke bin mai rumbun.

Fuska ta biyu ita ce na'ura. A watan Mayu 2019 Amurka ta sa kamfanin Huawei cikin jerin waɗanda ba a sayar musu da fasaharta sai da izini. A watan Oktoba 2022 ta hana sayar wa Sin manyan ƙwaƙwalen kwamfuta. Sin ta mayar da martani a 2023 da taƙaita fitar da wasu ma'adinai da ake ƙera su da su. A watan Janairu 2025 gwamnatin Biden ta raba ƙasashen duniya gida uku wajen sayen ƙwaƙwalen ƙirƙirarriyar basira, Nijeriya ta faɗa rukunin tsakiya, na waɗanda aka yanka wa iyakar abin da za su saya. Gwamnatin Trump ta soke wannan tsari a watan Mayu na shekarar. Ku duba fa, cikin wata huɗu an kafa mana doka an kuma janye ta, ba wanda ya nemi shawararmu a farko ko a ƙarshe. Daɗin daɗawa, mafi yawan waɗannan ƙwaƙwale na sahun gaba a tsibirin Taiwan ake ƙera su, inda Sin da Amurka suka fi zaman doya da manja.

Fuska ta uku ita ce takunkumi. Da Rasha ta mamaye Yukiren a watan Fabrairu 2022, an cire wasu bankunanta daga hanyar aika kuɗi ta SWIFT, manyan kamfanonin Amurka kuma suka daina karɓar sababbin abokan ciniki a can. Ko me mutum ke gani game da wannan yaƙi, darasin guda ne: hidimar da ka ke haya ana iya rufe maka ita saboda siyasa.

Kada mu ɗauka wannan hali na Turawa ne kawai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, mu da kanmu muka yanke wa Nijar wutar lantarki, alhali kuwa kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take sha daga wurinmu take zuwa. Sai a watan Maris 2024 aka mayar. Mutanen Maraɗi, waɗanda muke auratayya da ciniki da su tun kafin a shata iyaka, sun sha duhu a kan rigimar da ba su haddasa ba. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. Abin da muka iya yi wa ɗan'uwa, babu dalilin da zai sa mu zaci wani na nesa ba zai yi mana ba.

ABIN DA 2024 TA KOYA MANA

Abubuwa biyu sun faru a shekarar 2024 waɗanda ya kamata kowane mai tsara rumbu a Kano ya rubuta su a bangon ofishinsa.

Ranar 14 ga Maris, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka tsinke a gaɓar Kwaddebuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, wasu bankunanmu suka kasa yi wa jama'a hidima, kuma gyaran ya ɗauki makonni. A takarda muna da wayoyi da yawa, amma ashe huɗu daga cikinsu kwari ɗaya suka bi a ƙarƙashin ruwa. Makonni kaɗan kafin wannan, a watan Fabrairu, wasu wayoyi uku sun tsinke a Bahar Maliya, inda rikicin Yaman ya sa gyara ya yi wuya.

Sai kuma watan Oktoba. An riga an lalata turakun layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna, rashin tsaro kuma ya hana ma'aikata shiga dajin su gyara. Aka koma dogara ga layin da ya taso daga Ugwuaji ya bi ta Apir. Ranar 21 ga wata shi ma ya sami matsala. Arewa ta zauna cikin duhu fiye da mako guda. Tashar Ɗan Agundi tana nan lafiya lau, taransifomominta ba abin da ya same su, amma babu abin da za ta raba. Dukanmu mun tuna yadda aka riƙa layi a wurin masu cajin waya, da yadda ƙanƙara da ruwan sha suka yi tsada, da yadda masu walda da niƙa suka zauna hannu rabbana.

ABIN DA KANO TA MALLAKA

Ba za mu ce ba mu da komai ba. A ƙarshen Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe rumbun bayanai na kamfanin gwamnatin tarayya, Galaxy Backbone, a nan Kano, wanda aka tsara don ya zama madogara idan na Abuja ya sami matsala. An gina shi bisa mataki na huɗu, mafi girma a ma'aunin wannan sana'a, wanda ake sa ran tsayawar aikinsa ba za ta wuce minti 26 a shekara ba. Wannan abin alfahari ne, kuma hikimar ajiye kwafi na biyu nesa da na farko hikima ce mai kyau. A ziyarar nan kuma aka buɗe tashar wutar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso.

Amma sai mu faɗi sauran maganar. Rumbun yana cikin wani babban aiki ne da aka ci bashin dala miliyan 328 daga bankin Exim na Sin don yin sa, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2018, kamfanin Huawei kuma shi ya yi aikin. Ba laifi ba ne cin bashi don gina abin amfani, kuma a lokacin ba mu ga wani ya miƙo mana tayin da ya fi wannan ba. Sai dai ku yi lissafi da mu. A watan Mayu 2023 ana canza dala a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma, watau bashin ya kama naira biliyan 151. A watan Fabrairu 2024 dala ta haura naira 1,500, bashin nan ya koma naira biliyan 492 ba tare da an ƙara ko tubali ɗaya ba. Kuɗin shigar rumbun a naira yake, bashinsa da kayan gyaransa da lasisin manhajarsa a dala. Kuma na'urorin cikinsa ba ganuwa ba ne da za ta yi ƙarni tana tsaye, bayan shekara biyar zuwa bakwai sai an sake su.

TAMBAYOYI BIYAR

Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Duk wanda aka kawo wa takardar gina rumbu, ko ta hayar wuri a rumbun wani, muna ba shi shawara ya yi tambayoyi biyar kafin ya sa hannu.

Ta farko, daga ina wuta za ta zo? Rumbu mai shan megawat 1 dare da rana yana cinye yunit miliyan 8.76 a shekara. A farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilu 2024, wannan ya kusa naira biliyan 2. Idan wutar ta ɗauke, janareta mai ɗaukar wannan nauyi yana shan kimanin lita 270 na dizal a awa, watau a kwana goma irin na Oktoba 2024 sai an ƙona tanka biyu cur, kuma tankokin nan daga kudu za su taso su bi hanyar da kowa ya san halinta. Duk ƙasar nan abin da ake rabawa a layin tarayya yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ne. Don haka wajibi ne rumbun Kano ya sami wutarsa a kusa, daga tushe fiye da ɗaya. Muna da rana wadda ba mai iya sa mata takunkumi. Muna da madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, da ta Challawa, inda gwamnatin jiha ta fara aikin sa injinan wuta. Akwai bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, kuma shi kansa darasi ne, domin kuɗin da aka sa rai daga bankunan Sin sun yi jinkiri har sai da NNPC ta riƙa ɗaukar nauyin aikin. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Amma a kula: in aka ɗebi wutar unguwanni daga tashar Ɗan Agundi aka ba kwamfutoci, aka bar tela da mai niƙa cikin duhu, an yi zalunci ko da an kira shi ci gaba. Sharaɗin da ya dace shi ne, duk mai gina babban rumbu ya kawo ƙarin wuta, rararta ta shiga gari.

Ta biyu, da me za a sanyaya shi? Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa, kuma a watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40. Akwai hanyar sanyayawa da tururin ruwa, wadda ta dace da busasshiyar iskarmu kuma take rage shan wuta, sai dai tana cin ruwa, a garin da gidaje da yawa a cikin ganuwa daga 'yan garuwa suke saye. Akwai hanyar da ruwan ke zagayawa a rufe ba ya ƙarewa, amma ta fi shan wuta. Ga kuma ƙurar hunturu mai toshe matatar iska. Zanen da aka yi don Faransa ko Ikko ba zai zauna a nan ba sai an gyara shi, kuma wanda ya san inda ɗakin ke yoyo shi ya kamata ya gyara.

Ta uku, ƙofa nawa gare shi? A nan ma tarihi yana da abin faɗa. Ƙarni da ƙarni ayarin Kano arewa yake fuskanta, ta Agadas da Gadamas zuwa Turabulus. Da layin dogo ya iso a 1911, ciniki ya juya kudu, gyaɗa da fata suka koma bin hanyar Ikko, hanyar Sahara ta mutu. Wayar faiba ta bi sawun dogo. Yawancin wayoyin teku a Ikko suka sauka, har da Equiano ta Google a 2022, sai 2Africa da ta sauka a Akwa Ibom ma a 2024. Daga can sai bayani ya yi tafiyar kilomita kusan 1,000 a gefen titi, inda katafila mai gyaran hanya ke tsinka waya kusan kullum. Gwamnatin tarayya ta yi shelar shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a 2024, ta kuma sa kayan sadarwa cikin kadarorin ƙasa da doka ta tsare. Abin da ya kamata mu nema shi ne aƙalla hanyoyi uku da ba su haɗa rami ba: ta Kaduna, ta gabas, da ta arewa. Akwai aikin wayar da za ta ratsa Sahara daga Aljeriya ta bi Nijar, wanda Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a ɓangaren Nijar da Chadi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, hanya ce da za a iya binne waya a gefenta. In aka haɗa waɗannan, Kano ta sami ƙofa zuwa Bahar Rum, ta kuma zama mahaɗa ga ƙasashen da ba su da teku. Wannan ya nuna gyara zumunci da Nijar bukata ce ta tattalin arziki, ko shugabanni suna ga maciji ko ba sa yi.

Ta huɗu, makulli yana hannun wa? Tun 2013 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar cewa bayanan gwamnati a cikin ƙasa za a ajiye su, a watan Yuni 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanai. Amma zaman na'ura a ƙasarmu bai isa ba. Sai a tambaya: wa ke riƙe da kalmar sirrin da aka kulle bayanin da ita? Idan kamfanin ya daina aiko da gyaran manhaja, wata nawa na'urar za ta yi tana aiki? Idan muka so tashi mu koma wurin wani, a wane fasali za a ba mu bayananmu, kuma nawa za mu biya? Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa. Makulli a hannun gida ma yana iya zama abin tsoro. An rufe Twitter a ƙasar nan daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, an kuma katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021 saboda tsaro. Sarkin Ƙofa ma yana da wanda yake amsa wa. Dole ne doka ta fayyace wanda ke da ikon buɗe bayanin ɗan ƙasa, kotu kuma ta tsaya a kai.

Ta biyar, wa zai riƙe shi? Idan na'ura ta tsaya da ƙarfe biyun dare, sai an jira wani ya hau jirgi daga Shanzan ko Dubai, to ba mu mallaki rumbun ba tukuna. Zanen aro ba ya rufe katara.

KO A RUFE ƘOFA GABA ƊAYA?

Wani zai ce, tunda haka ne, a kwaso komai a dawo da shi gida, a gina katanga. Ba mu yarda da wannan ba, kuma ga dalilinmu. A watan Satumba 2025 batir ya kama wuta a rumbun gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon. Ayyukan gwamnati fiye da 600 suka tsaya, wata ma'ajiya ta fayilolin ma'aikata kuma ta ƙone ƙurmus ba ta da kwafi a ko'ina. Ƙasa ce mai arziki da ƙwararru, rumbun nata ne, a cikin ƙasarta, duk da haka ta yi asara saboda ta tara abu a wuri ɗaya. Yukiren kuwa, kwanaki kaɗan kafin a kawo mata hari a 2022, ta gyara dokarta don a iya kai kwafin bayanan gwamnati waje, wannan ya cece su da aka fara jefa bama-bamai. Estoniya ta ƙulla yarjejeniya da Lukzambur a 2017 ta ajiye kwafin muhimman bayananta a can, a ƙarƙashin kariya irin ta ofishin jakadanci.

Abin da hankali ya nuna shi ne a tantance bayanai kamar yadda uwargida ke tantance kayanta. Akwai na cikin adaka: rajistar 'yan ƙasa, takardun filaye, albashi, fayilolin asibiti da na kotu. Waɗannan a gida za su zauna, kwafi biyu ko uku a garuruwa daban, kan layin wuta daban, makulli a hannunmu, in ma za a kai kwafi waje sai a kulle. Akwai na tsakar gida, irin shafukan sanarwa da darussan da kowa ke iya gani, waɗanda ba laifi a yi musu haya inda ya fi sauƙi. Wajen sayen na'ura kuma kada mu jingina da ɓangare ɗaya. Ƙasarmu ta daɗe cikin ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, wannan manufa tana da amfani a ɗakin kwamfuta kamar yadda take da shi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

NAMU AIKIN

'Yan'uwa ma'aikata, yawancinku kuna mataki na takwas ko na tara, kuna ganin ba ku da ta cewa. Amma takardar da Babban Sakatare zai sa wa hannu ku ne kuke rubuta daftarinta. Ku sa tambayoyin nan biyar a ciki. Ku nemi a rubuta kuɗin tafiyar da rumbu na shekara goma, ba kuɗin gini kaɗai ba, domin mun saba ganin gini ya tashi a yanka ƙyalle, bayan shekara biyu babu kuɗin dizal. Ku hana kowace ma'aikata ta gina ɗan ɗakinta na kwamfuta da kwandishan ɗaya, alhali ana iya haɗa ƙarfi a wuri mai inganci. Ku nemi a gwada dawo da bayani daga kwafi aƙalla sau ɗaya a shekara, gama kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana nan ba. Masu aiki a ma'aikatar ayyuka da ta filaye, ku tuna jihohi sun amince da naira 145 a kan kowace mita ta haƙa ramin faiba, kuma duk sabon titi ya kamata a binne masa bututun waya tun kafin a zuba kwalta.

'Yan'uwa ɗalibai, wannan sana'a ba ta masu karatun kwamfuta ce kaɗai ba. Tana bukatar injiniyan lantarki, da mai sanin sanyaya ɗaki, da mai haɗa zaren faiba, da lauya mai iya karanta yarjejeniya mai shafi ɗari, da akanta mai gane haɗarin bashin dala. Mai neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kansa, ga su nan birjik: nawa ne ruwan da rumbu zai sha a watan Afrilu a Kano, ko awa nawa tashar Ɗan Agundi ta yi babu wuta a shekara. Waɗannan alƙaluma in ba mu tattara su ba, baƙo zai zo ya ƙiyasta mana su, mu biya shi.

A ƙarshe, muna roƙon duk wanda ya sake bi ta Ƙofar Ɗan Agundi ya dubi abin da ya rage na ganuwa. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, amma ba su suka cinye ganuwar ba. Ruwan sama ne, da masu ɗibar ƙasa, da masu yanka filaye, da mu da muka daina fitowa aikin gayya na yaɓe bayan damina. Rumbun bayanai ma haka zai lalace in ba a ware kuɗin gyaransa ba, ba a kuma horar da masu kula da shi ba.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure malamanmu su gyara mana.